Sethe uwa ce ko mai kisa? Bauta da zuciyar uwa a finafinai

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare na kalli Beloved, fim ɗin 1998 da Oprah Winfrey ta fito a matsayin Sethe, kuma har yanzu jikina a sanyaye yake. Ga wanda bai gani ba: baiwa ce ta gudu daga wani gandu a jihar Kentaki da tsohon ciki, ta haihu a hanya, ta tsallake kogi zuwa Ohayo inda 'ya'yanta uku suka riga ta isa. Kwana 28 kacal ta yi cikin 'yanci. Ranar da ta hango ubangidanta ya biyo sawu, sai ta kwashi yaran ta shige wata rumfa a bayan gida, ta yanka 'yarta, tana shirin gamawa da sauran aka riƙe ta. Da aka zo wajen nan sai na tsayar da fim ɗin, na tashi na leƙa ɗakin yarana, na tsaya ina kallon numfashinsu. Na kasa ce mata mai kisa, na kuma kasa cewa ta yi daidai. Ku da kuka gani, a ina kuka ajiye ta? Kuma me ya sa duk fim ɗin bauta, da zarar an zo kan uwa, ko dai an sayar mata da ɗa, ko ta kashe shi, ko ta kasa kallonsa?

Abu_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kisa dai kisa ne. Uwa ta haifi ɗa amma ba ita ta ba shi rai ba, don haka ba ta da ikon ɗauke shi komai tsanani. Na kalli fim ɗin, na tausaya mata ƙwarai, amma tausayi daban, hukunci daban. Kuma ki duba, a 1865 aka soke bauta a Amurka. Da ta bar yarinyar, da shekara goma kawai za ta yi ta samu 'yanci.

Gimbiya_Zee:
Abu Sadiq, kai ne ka san da 1865. Ita a ranar ba ta sani ba.

Malam_Tarihi:
Gimbiya ta taɓo inda yake. Bari in ƙara, don wasu na zaton ƙagaggen labari ne daga farko har ƙarshe. Toni Morrison ta gina littafinta na 1987 ne a kan wata mata ta gaske, Margaret Garner. A watan Janairun 1856 ita da mijinta Robert da 'ya'yansu huɗu suka gudu daga Kentaki, suka taka ƙanƙarar Kogin Ohayo da ya daskare suka shiga Sinsinati. Da masu kamun bayi suka kewaye gidan da suka ɓuya, ta ɗauki wuƙar fawa ta kashe 'yarta Mary mai shekara biyu.

Abin da ya faru a kotu shi ya fi ɗaure mini kai. Lauyan da ke kare ta so yake a tuhume ta da kisan kai a Ohayo, domin in aka yi haka an yarda mutum ce, kuma yarinyar ma mutum ce. Ɓangaren ubangidanta kuwa suka tsaya a kan dokar kamo gudaddun bayi ta 1850, wato dukiya ce ta ɓata, a mayar wa mai ita. Su suka yi nasara. Aka mayar da ita, aka tura ta can Kudu, ta rasu a 1858 da zazzaɓin taifod a jihar Misisifi. Ba ta ga 1865 ba. Shekara ɗaya bayan gudunta ma, a 1857, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Dred Scott cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. Babu wata alama a lokacin da ke nuna ƙarshen abin ya kusa.

Abu_Sadiq:
Na gode Malam, na ƙaru. Amma lura, kai ma ka ce lauyanta so ya yi a kira abin kisan kai. Abin da nake faɗa ke nan. Kiran sa kisa girmama yarinyar ne.

Uwar_Biyu:
Ni ba wajen yankan ne ya karya ni ba, wajen nono ne. Kafin ta gudu, samarin gidan suka danne ta a rumbu suka shanye mata nonon da take tanadi don jaririyarta da ta riga ta tura gaba. Da ta kai ƙara, aka zane ta da bulala har bayanta ya zama kamar an zana bishiya. Shekara 18 bayan haka tana ba Paul D, wanda suka yi bauta tare a gandun, labari, shi hankalinsa na kan bulalar, yana mamakin a ce an doki mai ciki, ita kuwa sai maimaita maganar nonon take yi. Na san maza da yawa za su tsaya inda Paul D ya tsaya.

Lokacin da na haifi tagwayena, ɗaya ya zo da matsalar numfashi, aka kwantar da shi a ɗakin jarirai na wani asibiti, aka hana ni shiga kwana huɗu. Ina zaune a kan benci, na ji kukan jaririn wata, kawai sai rigata ta jiƙe sharkaf. Ƙirjina ya ɗaure kamar dutse, zazzaɓi ya rufe ni, ina matsewa a kofi ina kuka ina miƙa wa nas. Kwana huɗu ne fa, kuma na san inda yake, na san za a dawo mini da shi. To wadda aka sayar mata da jariri fa? Jiki bai san an yi ciniki ba. Nono zai ci gaba da zuwa a kan lokacinsa.

Nas_Hadiza:
Allah Ya raya miki su, 'yar uwa. Haka abin yake, kukan jariri ko tunaninsa kaɗai kan sa nono ya zubo. Tunda an shigo fagena, ga wani abu da ya shafi jikin uwa a zamanin. Tsakanin 1845 da 1849 wani likita a Alabama, J. Marion Sims, ya riƙa gwada aikin gyaran yoyon fitsari a jikin bayi mata, ba tare da maganin kashe zafi ba. Sunan uku ne kawai ya wanzu: Anarcha da Betsey da Lucy. Anarcha ta samu lalurar ce a doguwar naƙuda, kuma an yi mata aiki wajen sau 30. Sai 2018 aka ɗauke gunkinsa daga babban lambun shaƙatawa na birnin Niyok. Duk sanda na ga mai jego a fim ɗin bauta, su nake tunawa.

Sani_Kyamara:
Ni gaskiya na gaji da irin finafinan nan. Kullum baƙar mace tana birgima a ƙasa tana kururuwa, a ɗora kiɗa mai taushi, a je a karɓi kambu. A Amistad na Steven Spielberg, 1997, akwai wata mata a jirgin bayi da ta rungume jariri ta sulale cikin teku. Ko minti ɗaya ba a ba ta ba, babu suna, babu magana. An yi amfani da ita an matso mana hawaye, aka koma kan lauyoyi Turawa a kotu. Wannan ai cin kasuwa ne da ciwon wasu.

Fati_Littafi:
Sani, a kan Amistad na yarda da kai. Amma kada ka yi musu kuɗin goro. Beloved da muke magana a kai ya kusa awa uku, kuma yawancinsa ba a gandun bayi ake ba, a cikin gidan Sethe ake, a 1873, shekara takwas da soke bauta. Babu ubangida, babu mari a ƙafa, amma gidan ya ƙi zaunuwa. Kuma in don kasuwa ne, fim ɗin faɗuwa ya yi, bai dawo da kuɗin da aka kashe ba. Mutane sun fi iya kallon bulala a kan kallon abin da ya rage bayan bulala.

Baffa_Lawan:
'Ya'yana, ni tsohon hannu ne, Roots na 1977 na sani. Na kalle shi ina saurayi, na sake kallo ina da jikoki, kuma ba abu ɗaya na gani ba. Da farko Kunta Kinte nake bi, yadda aka sato shi daga Gambiya, yadda aka sare masa ƙafa. Da na manyanta sai na ga Bell, matarsa. An taɓa sayar mata da 'ya'ya tun kafin ta aure shi, shi ya sa duk sanda ya yi zancen gudu hankalinta ke tashi. Suka haifi Kizzy, sunan da ya ce yana nufin ta zauna daram. Bell ta yi biyayya iya biyayya, ta yi girki, ta sunkuyar da kai shekara da shekaru, duk don a bar mata wannan ɗaya. Rana ɗaya aka ɗora yarinyar a keken doki saboda ta rubuta wa saurayinta takardar izinin tafiya ta jabu. Bell ta durƙusa tana roƙo, ba a ko waiwaye ta ba.

Maman_Ilham:
Baffa, wannan ya ƙara dagula mini lissafi. Bell ta bi ta lallami ta rasa, Sethe ta bi ta wuƙa ta rasa. To wace hanya aka bar musu?

Malam_Tarihi:
Hajiya, a nan doka take shigowa, kuma ita ce amsar tambayarki ta biyu. A 1662 Bajiniya ta kafa doka cewa ɗa matsayin uwarsa yake bi. In uwa baiwa ce, ɗa bawa ne, ko da ubangidan ne ya yi cikin. Ma'ana mutum zai iya danne baiwarsa, ta haihu, ya sayar da ɗan cikinsa, doka na bayansa. Sai kuma 1808 da aka hana shigo da sababbin bayi daga Afirka. Daga nan hanyar ƙaruwar bayi ta koma haihuwa, mahaifar mace ta zama jari. Da noman auduga ya bunƙasa, an kwashi mutane wajen miliyan ɗaya daga jihohi irin su Bajiniya an sayar can ƙuryar Kudu, kuma ƙidayar 1860 ta sami bayi kusan miliyan huɗu. Masu fim ba su ne suka zaɓi uwa don ta fi sa kuka ba. A jikinta tsarin ya tsaya.

Har wajen rushe shi ma ta nan aka bi. Birazil a 1871 ta yi dokar 'yanta abin da ke cikin ciki, amma ta bar wa ubangidan uwar damar riƙe yaron yana masa aiki har ya kai shekara 21. Sai 1888 aka soke bautar gaba ɗaya.

Ustaz_Nura:
Subhanallah. A shari'ar Musulunci ɗan da ubangida ya haifa da baiwarsa ɗa ne mai 'yanci, yana gado, uwar kuma ta zama ummul walad, tana 'yantuwa da mutuwarsa. Kuma akwai hadisi a Tirmizi cewa wanda ya raba uwa da ɗanta, Allah zai raba shi da masoyansa ranar ƙiyama. Ina tare da Abu Sadiq cewa kisan rai haramun ne, ba mai halatta shi. Amma wanda ya kai uwa ga wannan bango shi ma yana da tambayar da zai amsa, kuma ba ƙarama ba.

Fati_Littafi:
Allah Ya saka da alheri, Ustaz. Sai dai abin da ke cikin littafi daban, abin da fataken bayi suka aikata daban. Shaihu Umar shaida ne, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa da Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, wanda aka gyara aka sake nunawa a bikin finafinai na Balin a 2018. An sace yaro, ya bi hannu-hannu har ƙasar Larabawa. Uwarsa ta bar komai ta bi sawunsa, ita ma aka yaudare ta ta faɗa bauta, ta ƙetare Sahara a wulaƙance. Ta gan shi a ƙarshe, ba ta daɗe ba ta rasu. Shi ya zama babban malami, sunansa ne a kan labarin. Ita kuwa rayuwarta kaf a neman ɗa ta ƙare. Waɗanda suka saye ta suka sayar ai sun san hadisin.

Ustaz_Nura:
Gaskiya ne, Malama. Sanin hukunci bai hana mai son zuciya.

Gimbiya_Zee:
Ba wanda ya ambaci Eliza a 12 Years a Slave. Kowa Patsey yake tunawa saboda Lupita Nyong'o ta ci Oscar da ita. Amma Eliza ce ta hana ni barci. A gidan dillalin bayi aka fara sayar da ɗanta Randall a gabanta. Wanda ya saye ta ya nemi a haɗa masa da 'yarta Emily, dillalin ya ƙi, wai yarinyar fara ce kyakkyawa, in ta girma za ta yi kuɗi. Tana ihu aka sa kiɗan goge don kada masu saye su damu. Da aka kai ta gandu, uwargidan ta dube ta da fuskar tausayi ta ce ta ci abinci ta huta, ba da jimawa ba za ta manta da yaran. Wallahi wannan maganar ta fi mini bulala ciwo, domin matar ba da mugunta ta faɗa ba. Har zuciyarta ta yarda baiwa ba ta jin abin da ita take ji.

Sani_Kyamara:
To a nan kam na sassauta. Akwai inda Steve McQueen ya bar kukan Eliza yana tashi a ƙarƙashin wa'azin da ubangidan ke yi wa bayinsa ranar Lahadi. Yana karanta littafi mai tsarki, kukan ya ƙi tsayawa. Wannan aikin darakta ne na gaske, bai kawo kyamara kan fuskarta yana roƙon hawayenmu ba. Ƙorafina a kan masu nuna ciwo ne ba su nuna mai ciwon ba.

Anti_Rabi:
Har shi Solomon, mai labarin fim ɗin, ai ya gaji da kukan ya daka mata tsawa. Ta mayar masa cewa shi ma yana da 'ya'ya, shirun da ya yi ba ya nufin ya cire su daga ransa. Kuma ita ma ba ƙage ba ce, tana cikin littafin da Solomon Northup ya fitar a 1853, ya ce baƙin ciki ya cinye ta har ta mutu ba ta sake ganin yaran ba.

Ni wani ɓangaren nake so mu duba, wato uwar da aka hana ta zama uwar nata aka sa ta zama uwar wasu. Gone with the Wind, 1939. Hattie McDaniel ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, da rawar da ta taka a matsayin Mammy, baiwa mai raino. Tana ɗaure wa Scarlett, 'yar ubangidanta, ɗamara, tana mata faɗa, tana raino daga uwa har jika. Duk tsawon fim ɗin ba a faɗi sunanta na yanka ba, ba wanda ya tambaya ko ta taɓa haihuwa. Alhali a zahiri masu shayar da 'ya'yan iyayengiji nasu jariran ake ture wa gefe. Shekaru aka yi ana sayar wa duniya wannan hoton na baiwa mai ƙiba mai fara'a da ba ta da kowa sai 'ya'yan farar fata. In ka ajiye Sethe kusa da ita, sai ka ga kamar amsa aka ba wannan hoton.

Ummu_Khalil:
Anti kin gama magana. Mammy nono ta bayar da murmushi, Sethe kuwa ta ce sace mata aka yi.

Dan_Baiwa_92:
Ni ta ɓangaren ɗa zan yi magana, ku yi haƙuri in na yi tsawo. Ina da shekara biyar mahaifiyata ta bar gida, ba a gaya mini dalili ba. Na girma da ƙullinta a raina. Sai da na kai talatin wata gwaggona ta zaunar da ni ta faɗa mini cewa ba tafiya ta yi ba, fitar da ita aka yi, kuma ta sha zuwa a hana ta ganina. Lokacin ta riga ta rasu.

Shi ya sa The Underground Railroad na Barry Jenkins, shiri mai kashi goma da ya fito a 2021, ya taɓa ni fiye da duk waɗanda kuka lissafa. Cora ta tashi da tsanar uwarta Mabel, tana ganin ta gudu ta sami 'yanci ta bar ta a hannun azzalumai. Duk inda ta je da wannan fushin take tafiya. Sai a kashi na ƙarshe aka nuna mana, mu masu kallo kaɗai, cewa Mabel ta shiga fadama ne cikin ruɗewa, ta dawo hayyacinta ta tuna 'yarta, ta juyo za ta koma, maciji ya sare ta, ta nutse a wurin. Cora ba ta taɓa sani ba. Ni na sami gwaggo, ita ba ta samu ba. Bauta ba rabuwa kaɗai take yi ba, har labarin rabuwar take haɗiyewa, ɗa ya rayu yana zargin wadda ta mutu a hanyar dawowa gare shi.

Uwar_Biyu:
Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, ɗan uwa. Ya sa Aljanna ce mahaɗarku.

Baffa_Lawan:
Amin. Ɗana, ka yawaita yi mata addu'a, tana isa.

Malam_Tarihi:
Amin. Abin da ya faɗa yana da tushe a tarihi. Bayan yaƙin basasar Amurka, jaridun baƙar fata irin su Christian Recorder sun cika da 'yan gajerun sanarwar cigiya. Uwa ta rubuta sunan ɗanta, da sunan wanda ya saye shi, da shekarar da aka raba su, ta roƙi a karanta a coci-coci. Har bayan shekara talatin da 'yanci ana buga irinsu.

Hauwa_Jidda:
Akwai nau'in da ba mu taɓo sosai ba, wanda Maman Ilham ta kira kasa kallon ɗa. A The Woman King na 2022, Viola Davis ta fito a Nanisca, shugabar mayaƙa mata na Dahomey a 1823. An taɓa kama ta, aka yi mata fyaɗe, ta haihu, ta tsaga kafaɗar jaririyar ta cusa haƙorin kifin shak, ta bayar da ita. Da yarinyar ta dawo hannunta a matsayin sabuwar mayaƙiya, ganinta yana tayar mata da abin da ta binne. Na san an soki fim ɗin da cewa ya sassauta hannun da Dahomey ke da shi a cinikin bayi, kuma sukar tana kan hanya. Amma wannan zaren na uwa da 'ya ya yi mini.

Sani_Kyamara:
Hauwa, in wannan ya yi miki, nemi Sankofa na Haile Gerima, ɗan Habasha, 1993. Ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Nunu ta haifi Joe daga fyaɗen da Bature ya yi mata a jirgi. Ita ba ta ƙi shi ba, tana son abinta. Shi aka raina a hannun limamin coci aka koya masa ƙyamarta, har ya zama mai tsaron bayi, ƙarshe ya kashe ta da hannunsa. Wato an juya abin: a Beloved uwa ta kashe 'ya, a nan ɗa ya kashe uwa, kuma hannu ɗaya ne ya tura su duka.

Likita_Bash:
Ana yawan cewa irin wannan ciwon yana bin zuriya. Ba sai an je da nisa ba, hanyar a fili take cikin labarin Sethe. Ita kanta ba ta san uwarta ba sai daga nesa, a gona. Wata ce ta shayar da ita bayan an gama shayar da 'ya'yan Turawa. Abin da ta riƙe na uwar shi ne tambarin wuta da ta nuna mata a ƙarƙashin nono don ta gane ta, daga baya kuma aka rataye ta. Wadda ba a goya ba ita ce ta tashi da rantsuwar nata ba za su rasa nono ba, son ya yi yawa har ya zama abin tsoro. Sai ga Denver, 'yar da ta tsira, ta girma ba ta iya fita ƙofar gida, tana son uwarta tana kuma tsoronta. Mata uku ke nan, kowacce ta karɓi abin daga ta gabanta da wata kama.

Ummu_Khalil:
Ni dai ina so a riƙa nuna waɗanda suka ƙwato nasu. Sojourner Truth ta shiga kotu a 1828 ta karɓo ɗanta Peter da aka sayar zuwa Alabama ba bisa ƙa'ida ba. Harriet Jacobs ta yi kusan shekara bakwai a ɓoye cikin wani ɗan saƙo a rufin gidan kakarta, inda ko miƙewa tsaye ba ta iyawa, ta huda ƙaramin rami tana leƙen 'ya'yanta suna wasa ba su san tana nan ba, har ta samu ta tsere ta haɗu da su a Arewa. Su ma iyaye ne a cikin bauta.

Abu_Sadiq:
Ummu Khalil ta kawo mini hujja. Ga uwa ta zauna shekara bakwai a saƙon rufi ba ta taɓa ɗanta ba. Ashe akwai wata hanyar.

Fati_Littafi:
Akwai, ga wadda ta sami kaka mai 'yanci da gida da rufi. Sethe mintoci ta samu, mahaya huɗu na bakin ƙofa. Kuma Abu Sadiq, ka sake kallo, fim ɗin bai wanke ta ba. Paul D da ke sonta ya ce mata sonta ya yi kauri da yawa, ya tuna mata ƙafa biyu gare ta ba huɗu ba, ya bar gidan. Maƙwabta sun ƙaurace mata shekara 18. Ita kanta yarinyar da ta kashe ta dawo da siffar budurwa mai suna Beloved, ta zauna a gidan tana cin Sethe da rai, tana ƙiba uwar na ramewa. Wane hukunci ne ya wuce wannan? Ba a ce mana ta yi daidai ba. An dai hana mu yanke hukuncin daga inda ba a taɓa biyo mu da sarƙa ba.

Maman_Ilham:
Na koma na sake kallon ƙarshen yanzu saboda maganar Fati, kuma na ga abin da ya wuce ni jiya. Da matan unguwa suka taru a ƙofar gidan suna addu'a da waƙa, wani Bature ya iso a keken doki zai ɗauki Denver zuwa wurin aiki. Sethe ta ga hularsa, ta ɗauka ranar nan ce ta dawo. Amma wannan karon ba ta yi kan yaran ba. Ta ɗauki tsinken fasa ƙanƙara ta yi kansa, matan suka tare ta. Jiya ban lura ba sam, hankalina na kan Beloved da ta ɓace. Abu Sadiq, ban ce na canza zuwa ɓangaren kowa ba, har yanzu in na tuna yarinyar cikina juyawa yake. Amma ka kalli wajen nan.

Abu_Sadiq:
Zan kalla in sha Allah, Hajiya. Ina nan a kan bakana game da kisan, sai dai na daina cewa da ta jira 1865. Abin da ya tsaya mini yanzu yaran nan maza biyu ne, Howard da Buglar, da suka ga abin da idonsu a rumfar, suka girma suka gudu daga gidan tun farkon fim ɗin. Akwai inda aka sake nuna su?

Gimbiya_Zee:
Ba su dawo ba. Denver ce kaɗai ta rage mata.